Ku daina mayar da laftof ɗin mutane zakaran gwajin dafi

Yau da "injiniyoyin" hostel nake, masu yawo da filash suna ɗora wa mutane Windows ɗin da bai fito ba. Wallahi abin nan ya isa haka.

Tun 2014 Microsoft ta buɗe shirin Windows Insider don masu son gwada aikin da ba a kammala ba. A 2023 ta ƙaro tashar Canary, a lokacin ita ce mafi ɗanyen aiki a ciki. Kamfanin da kansa ya yi gargaɗi cewa zai iya ba da matsala. Kai kuma ka ɗora wa ɗan aji huɗu, a laftof ɗinsa ɗaya tilo da iyaye suka yi fafutukar saya, furojet ɗinsa na ciki. Washegari Wi-Fi ya ɓace, sauti ya ɗauke, hasken allo ya ƙi raguwa. Sai ka ce ai laftof ɗin ce ta tsufa. Ƙarya ne! Direba ce ta ƙi jituwa da sabon Windows, wato ƴar manhajar da ke haɗa shi da kayan cikin na'urar.

Za ku ce ai da gwaji ake koyo. Na yarda. To ka gwada a taka mana, ko a VirtualBox. Don me sai ta wani?

Wanda aka riga aka yi wa, kar ka yarda a ce sai fomatin. Fara kwashe fayilolinka zuwa filash. Idan bisa tsohon Windows ɗinka aka ɗora kuma kwana 10 ba su cika ba, shiga Settings, System, Recovery, ka danna Go back. Kar ka goge Windows.old, da shi ake komawa.

In wannan ƙofar ta rufe, buɗe Device Manager ka nemi alama mai ruwan ɗorawa. Shiga Properties, ka gwada Roll Back Driver. In ya ƙi dannuwa, duba Hardware Ids a ƙarƙashin Details: VEN_8086 Intel ne, VEN_10EC Realtek ne. Jona wayarka da kebul, kunna USB tethering, ka sauko da direbar daga shafin HP, Dell ko Lenovo da lambar laftof ɗinka. Ka guji manhajojin nan masu cewa za su gyara komai da dannawa ɗaya, tarkace suke ƙaro maka.

Ku kuma sani, irin wannan Windows ɗin yana da ranar ƙarewa, kuma fita daga Canary yawanci sai an share an ɗora sabo. Wanda ya ɗora maka ya faɗa maka wannan?

Sufabaiza ba ruwansa da direba, babi na huɗu yake jira. Duk wanda ya zo maka da filash yana "sabon fita ne", ka ce ya fara nuna maka tasa laftof ɗin tukuna.