A Daina Cinikin Biri a Sama

Matasanmu na Paraku da Jugu sun fara zama a gaban kwamfuta suna son ƙirƙirar wasan bidiyo nasu na kansu. Madalla. Sai dai yadda ake auna dabarun da suke kawowa abin takaici ne, kuma laifin kashi biyu ne.

Kashi na farko na masu riƙe da kuɗi ne. Yaro ya ce zai gina wasa a kan ayarin fatake, sai a ce masa ba zai sayu ba, ya kawo bindiga da tseren mota, ko ya koma kan Behanzin da mayaƙan mata na Dahome. Ba mu raina tarihin kudu ba, amma wa ya gwada ayarin har ya ga bai sayu ba? Kashi na biyu namu ne: da zarar mun ji an ambaci Kano da madugu sai mu hau tafi, ba mu tambaya ko wasan yana da daɗin bugawa. Mai ƙi da mai yabo duk cinikin biri a sama suke yi.

A shekarar 1971 wasu ɗaliban koyarwa uku a jihar Minnesota ta Amurka suka ƙirƙiro The Oregon Trail, wasan ayarin masu ƙaura. Don Rawitsch ya fara tsara shi a kan takarda, sannan aka sa shi a kwamfuta aka ba 'yan aji suka buga. Yaran ne suka yanke hukunci, wasan kuma ya yi shekaru da dama ana bugawa. Kamfanin Rovio na Finlan ya yi wasanni 51 kafin Angry Birds ya fito a 2009. A Kamaru, Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016 bayan shekaru ana gini ana rushewa.

Mu kuwa kayan aikin suna ƙofar gidanmu. Jugu da Paraku zango ne a hanyar goro daga ƙasar Hausa zuwa Salaga ta Gwanja. Madugu yana shawara kullum: ya biya kuɗin hanya ga sarkin gari ko ya kewaya ta daji ya gamu da 'yan fashi? Ya sayar da kanwa a nan ko ya jira kasuwar gaba? Ya tsaya a yayyafa wa goro ruwa a sauya masa ganye, ko ya yi sauri jakai su gaji? Kowane zaɓi da ribarsa da asararsa, kuma wannan shi ne ƙashin bayan kowane wasa.

To a gwada. Kafin a taɓa kwamfuta, a zana hanyar a ƙasa kamar yadda ake haƙa gurbin dara, a sa tsakuwa a matsayin jakai, a kira yaran Bariyenu su buga. Mai dabarar ya kame bakinsa ya zuba ido. In sun ce a sake, dabarar ta tsira. In sun watse, a gyara ko a jefar, ko da ta ɗan liman ce. Bayan haka a gwada ta a ƙaramar wayar da ke aljihunsu, ba tare da intanet ba.

Kakanninmu ba sa biyan kuɗin huhun goro sai sun kwance sun duba. Mu ma mu kwance.