Gwajin Baki, Baki a Rufe

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun da ya kama wuta a 2025 na maƙwabtanmu ne na Nijeriya, wutar kuwa ta tashi ne daga takardar Ingilishi ta jarrabawar ƙarshen sakandare, wadda hukumar WAEC ke shiryawa. Ba baƙon al'amari ba ne gare mu. Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar safiya ce, haka daga Ƙonni zuwa Sakkwato, kuma akwai ƴaƴanmu da ke karatu a ƙetaren iyaka, waɗanda makomarsu ke rataye da wannan takarda. Ƙari a kan haka, tun watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasar Nijar, ya ajiye Ingilishi kafaɗa da kafaɗa da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wanda ya ɗauki harshe ya ce da shi zai yi aiki, tilas wata rana ya zauna ya tsara yadda zai auna masu koyonsa. Kafin ranar ta zo, ya kamata mu dubi yadda maƙwabci ke awo.

Ranar 28 ga watan Mayu 2025, ranar Ingilishi, takardun tambaya ba su isa ɗakunan jarrabawa kan lokaci ba a jihohi da dama. Yara suka zauna jira tun rana na tsaka har ta faɗi, wasu suka yi rubutunsu da hasken tocila da kyandir, iyaye na tsaye bakin ƙofa cikin duhu. Hukumar ta ba da haƙuri, ta ce ƙoƙarin toshe ɓarakar satar tambayoyi ne ya jawo jinkirin. Aka haɗiye, aka jira sakamako.

Ranar 4 ga watan Agusta sakamakon ya fito. Cikin ɗalibai 1.969.313 da suka zauna, 754.545 kaɗai suka samu kiredit biyar haɗe da Ingilishi da lissafi, wato kashi 38,32 cikin ɗari, alhali a 2024 kashi 72,12 ne. Shugaban ofishin hukumar na Nijeriya, Amos Dangut, ya danganta wannan faɗuwa da wata sabuwar dabara da aka shigo da ita a shekarar: an yamutsa jerin tambayoyin zaɓi-ɗaya a Ingilishi da lissafi da wasu darussa biyu, ta yadda lamba 7 a takardarka ba ita ce lamba 7 a takardar na kusa da kai ba, leƙen maƙwabci ya daina amfani. Ma'anar maganar a fili take: waɗanda suka faɗi, dama da satar amsa ake haurawa. Kwana huɗu bayan haka, ranar 8 ga Agusta, shugaban ya sake fitowa ya nemi gafara. An yi kuskure wajen buga takarda ta 3 ta Ingilishi, na'ura ta duba amsoshin yara da jerin amsoshin da ba nasu ba. Da aka gyara, waɗanda suka ci suka koma 1.239.884, kashi 62,96. Yara kusan rabin miliyan sun kwana huɗu da sunan faɗaɗɗu, ana yi musu kallon ɓarayin amsa da dubu ta cika, ba su ci nanin ba nanin ta ci su.

Jaridu sun yi ta cacar baki kan sakacin hukumar, kuma ta cancanci abin da aka faɗa mata. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Kuskure kowa na yi, injin buga takarda ma na yi. Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne ita kanta takardar da aka yi kuskuren a cikinta.

A tsarin WAEC, Ingilishi takarda uku ce. Ta ɗaya tambayoyin zaɓi-ɗaya 80 ne a kan nahawu da kalmomi. Ta biyu, wadda ta fi maki, ita ce ta insha'i mai kalmomi kamar 450, da fahimtar rubutu, da taƙaitawa. Ta uku kuwa sunanta gwajin baki. Mai karatu zai zaci a nan ne yaro ke zama gaban malami ya buɗe baki ya yi magana. Ina! A Nijeriya tambayoyi 60 ne a rubuce, minti 45, maki 30, kowace tambaya da A, B, C, D, yaro ya duƙa da fensir yana cike gurbi. Za a ja layi ƙarƙashin harafi a wata kalma, a ce ya zaɓo kalmar da ke da sauti irin wannan. Za a tambaye shi gaɓar da ake dannawa in ana furta wata doguwar kalma. Za a nuna masa alamar sauti irin ta cikin ƙamus, a ce ya gano kalmar da ke ɗauke da ita. Daga farko har ƙarshe ba a furta komai, ba a jin komai, wanda ma ya motsa leɓe yana gwada kalmar a bakinsa yana iya jawo wa kansa hararar mai tsaro. A Gana da Gambiya da Saliyo, ƙarƙashin wannan hukuma ɗaya, aƙalla ana kunna wa yara muryar da aka naɗa su saurara kafin su zaɓa. Kunne ya samu rabonsa, baki dai shiru.

Da a ce malami ne ya zauna da yarinya minti biyar ya ji Ingilishinta, babu kuskuren inji da zai mai da mai iyawa marar iyawa a rasa mai cewa uffan. Amma tun da an mai da magana jerin haruffa huɗu, sai ga shi an auna dubban ɗaruruwan yara da mudun da ba nasu ba, sakamakon ya ratsa dukan matakan hukumar, ya fito gaban ƴan jarida, har aka samo masa dalili mai daɗin ji, ba wanda ya ga alamar ɓaraka sai da iyaye da malamai suka tayar da ƙura.

Ɓarnar irin wannan takarda tana fara aiki shekaru kafin ranar jarrabawa, cikin aji. Kowane mushe ya san wannan, ko a Tawa yake koyarwa ko a Kano: abin da ke fitowa a jarrabawa shi ake koyarwa, abin da ba ya fitowa sai in lokaci ya ragu, lokaci kuwa ba ya raguwa. In maki na wurin gane alamar sauti a takarda, malami zai cika allo da alamomi, yara su kwafa, su hardace kamar yadda ake hardace sunayen koguna. Ba laifinsa ba ne. Darakta da iyaye da sakamako za su tuhume shi. Ɗauki matsalar da kowane Bahaushe mai koyon Ingilishi ya sani, rarrabe "p" da "f", tun da harshenmu bai raba su ba. Maganinta kunne ne da leɓe, a ji, a maimaita, a yi kuskure a yi dariya a sake. Yaro na iya cin duk tambayoyin "p" da "f" a takarda ta 3, don idonsa na ganin bambancin haruffan sarai, ya fito ya ci gaba da cakuɗa su har ya tsufa. Shi kuwa ɗan kamashon tashar Jibiya, wanda ke ciniki da Ibo da Yarbawa da Ingilishin da ya tsinta a bakin mota, ko tambaya ɗaya ba zai gane ba. Wanne ne a cikinsu ke aiki da harshen?

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa yara miliyan biyu ba wasa ba ne, wa zai saurare su ɗaya bayan ɗaya? To, a yi lissafi. Makarantu 23.554 ne suka gabatar da ɗalibai a 2025. In aka raba, kowace makaranta na da kimanin 84. A ba kowane yaro minti biyar, sa'a bakwai ke nan: wuni ɗaya ga mai jarrabawa ɗaya, rabin wuni ga biyu. Hukumar da ke shafe makonni tana jarrabawa, tana tanadar sinadarai da kayan awo don gwajin kimiyya a aikace, ba za ta ce wuni ɗaya ya gagare ta ba. Abin da zai ba ɗan Nijar dariya ma shi ne, wannan hukuma ɗin tana tura mai jarrabawa ya zauna da ɗalibin Faransanci, ya sa shi karatu a bayyane, ya yi hira da shi, ya ba shi maki. Faransanci, da ƴan tsiraru ke ɗauka, an yarda harshe ne da ake magana da shi. Ingilishi, harshen mulki da kotu da jami'a, wanda ba a shiga jami'a sai da kiredit ɗinsa, shi aka bar wa fensir.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: gwajin baki ƙofa ce ta son kai da cin hanci, mai jarrabawa na iya ƙara wa ɗan abokinsa, ya rage wa wanda lafazinsa bai yi masa ba. Gaskiya ne. Ingila ma, uwar harshen, ta cire makin magana da saurare daga jimillar sakamakon Ingilishi na jarrabawar GCSE tun daga 2014, saboda ba a amince malamai na ba da maki da mudu ɗaya ba. Sai dai a lura da abu biyu. Ba su daina gwajin ba, ana yin sa, ana rubuta sakamakonsa daban a takardar shaida. Sannan yaron Landan da Ingilishi yake kwana yake tashi, ko an auna bakinsa ko ba a auna ba zai yi magana. Yaron Daura ko na Magarya, in aji bai buɗe masa baki ba, babu inda za a buɗe masa. Maganin son kai kuwa yana aljihun kowa yau: a naɗi hirar a wayar salula, a ɗebo wasu a ba wani mai jarrabawa na biyu da bai san yaron ba ya sake saurare. Jarrabawar IELTS, wadda ƴan Nijeriya ke biyan kuɗi masu yawa su zauna in za su fita waje, hira ce ta minti 11 zuwa 14 da mutum, ana naɗa. Shekara shida ta sakandare ba ta tanadi ɗalibi don wannan zama ko sau ɗaya ba.

Maimakon a gyara nan, ina aka nufa? Kwamfuta. A farkon 2024 WAEC ta fara jarraba masu zama na ƙashin kansu ta kwamfuta: tambayoyin zaɓi a kan allon na'ura, insha'i a takarda. A 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar cewa WAEC da takwararta NECO su koma kwamfuta gaba ɗaya a 2026, har majalisar wakilai ta nemi a watan Nuwamba na 2025 a jinkirta zuwa 2030, don makarantun karkara ba su da wuta balle na'ura. Hukumar ta kuma yi nuni da cewa waɗanda suka zauna ta kwamfuta a 2025 kuskuren Agusta bai shafe su ba. Mun ji. Sai dai a watan Mayu na wannan shekara ɗin, hukumar JAMB, wadda ta koma kwamfuta tun 2015, ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379.997, shugabanta Ishaq Oloyede ya zub da hawaye gaban jama'a, aka sake musu jarrabawa. Ba ni da faɗa da kwamfuta. Na'ura ce mai iya kunna murya a kunnen kowane yaro, mai iya naɗar tasa muryar. In za a yi amfani da ita don wannan, madalla. In kuwa A, B, C, D ɗin nan za a kwashe daga takarda a zuba a allon gilashi, yaro ya daina cike gurbi da fensir ya koma dannawa da yatsa, to an sauya wa tuwo suna ne, an kuma ƙara wa ɗan ƙauye wata jarrabawar da ba a rubuta a manhaja ba, ta sanin madannai. Duk gyare-gyaren nan, yamutsa jeri da komawa na'ura, tambaya ɗaya suke amsawa: yaya za a kama mai satar amsa? Tambayar malami, ko yaron ya iya harshen, ba wanda ya ɗaga ta.

Mu a nan abin da nake tsoro shi ne kwaikwayo. Tun da Ingilishi ya samu sabon matsayi, za a yi ta kiran a gyara jarrabawarsa ta BEPC da ta bak, kuma ido zai fara faɗawa kan maƙwabcin da ya daɗe da harshen. Tambayoyin zaɓi-ɗaya na da farin jini wurin mai riƙe da asusu: ba a biyan inji kuɗin zama, ba ya yajin aiki, sakamako na fita da wuri. Mu kuwa ajinmu ya fi nasu buƙatar a tilasta magana, domin ɗan kwalej a Damagaram sai ya shiga aji na farko na sakandare yake haɗuwa da Ingilishi, ƴan sa'o'i a mako, a matsayin harshe na uku ko na huɗu bayan na gida da Faransanci, sau da yawa cikin aji mai cunkoso. Daga tsarin lakwal da muka gada akwai abubuwa da yawa da suka cancanci a zubar, amma al'adar ɗalibi ya zauna gaban malamai ya amsa da bakinsa ba ta cikinsu. Duk kwamitin da zai zauna a Yamai kan wannan batu, layin farko na takardarsa ya faɗi minti nawa kowane ɗalibi zai yi magana, maki nawa maganar za ta ɗauka cikin jimilla, da wanda zai sake sauraren abin da aka naɗa. Kuɗin zaman malaman da za su yi wannan aiki kuma a rubuta su a kasafi kafin a rubuta kuɗin kwamfuta ko ɗaya.