Tun kafin magani ya daina ci, mu kai yara rigakafi

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, da ƴan uwanmu da ke bibiyar wanga shafi daga wurin bida, Abijan, Legas, Libiya da sauran wurare.

Yau maganar kafso za mu yi. Kafson nan da ake tallarsa a faranti ranar kasuwa, cikin rana da ƙura, ka sayi guda biyu ko uku gwargwadon abin da ke aljihunka. Yaro na zawo, kafso. Mura ta kama shi, kafso. Gyambo ya ƙi warkewa, a buɗe kafso a barbaɗa. Har kaji da awaki ana ɗura musu. Ga shi yanzu ko'ina ka zauna sai ka ji ana cewa maganin zamanin nan ba shi da ƙarfi kamar na da. Wasu su ce jabu ne. Jabu kam akwai shi, ba musu. Amma akwai abin da ya fi jabu ban tsoro: maganin na gaske ne, ƙwayar cutar ce ta daina jin sa.

Mai noman albasa a fadamar Tarka ko ta Magiya ba sai an yi mai dogon bayani ba. Ya san in ka daɗe kana fesa magani iri ɗaya, ko kana tsinka shi da ruwa don ya isa garka duka, wata shekara za ka fesa ƙwarin su kaɗe fiffike su ci gaba da cin ganye. Raunanan sun mutu, masu taurin rai sun saura, su ne suka hayayyafa. Haka abin yake cikin jikin mutum. Magungunan da likitoci ke kira antibiyotik, irin su amoksisilin da sipro, aikinsu kashe ƙwayoyin bakteriya ne kawai. Mura da galibin zawon yara wata irin ƙwaya ce ke kawo su, wadda antibiyotik ba ya taɓawa. Duk sa'ad da aka sha shi ba bisa ƙa'ida ba, ko aka sha rabi aka aje, ana horar da ƙwayoyin da ke cikin ciki ne. Daga nan su bi bahaya, su bi ruwa, su bi hannu, su shiga cikin wanda bai taɓa shan kafso ba.

Kar wani ya ce wanga labarin ƙasashen Turawa ne. A 2017, lokacin annobar sanƙarau a gundumar Madarumfa ta jihar Maradi, masu bincike na cibiyar Epicentre da ma'aikatar lahiya sun auna bahayar mutanen ƙauyuka. Tun kafin a raba musu komi, sama da mutum 9 cikin 10 na ɗauke da ƙwayoyin hanji da ba sa jin sipro. Ba wai duk suna kwance ba ne, lahiyarsu lau. Amma ran da irin wannan ƙwaya ta shiga jini ko mafitsara, sipro ba zai yi komi ba. Wani babban lissafi da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi ƙamari.

To mi ne mafita? Ra'ayina shi ne, a wurinmu babu makamin da ya kai allurar rigakafi sauƙi da kusa. Yaron da bai kamu ba, ba ya buƙatar kafso. Kafson da ba a sha ba, ƙarfinsa na nan yana jiran ranar da wani zai buƙace shi da gaske. Hukumar Lahiya ta Duniya, OMS, ta fitar da rahoto a watan Oktoba na 2024 da ke cewa in aka yi amfani sosai da alluran da ake da su da waɗanda ake kan bincikensu, za a iya rage shan antibiyotik a duniya da kashi 22 cikin 100 kowace shekara.

Mu kanmu shaida ne, don mun ga abin da allura ta yi wa sanƙarau. Manyanmu na tune da shekarun da in hunturu ya wuce, zafi ya shigo da ƙura, kowa hankalinsa a tashe yake. A 1996 zuwa 1997 annobar ta kama sama da mutum 250,000 a Afirka, kusan 25,000 suka rasu, ban da waɗanda ta bari kurame ko da taɓin hankali. Nau'in A ne ke yawan yin wannan ɓarna. A ƙarshen 2010 aka fara ba da allurar MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar, ga duk mai shekara 1 zuwa 29. An ƙera ta a Indiya musamman don yankinmu, kuɗinta bai kai rabin dalar Amurka ba. Tun 2017 ba a sake tabbatar da ko mutum ɗaya mai nau'in A ba a ƙasashen da sanƙarau ya saba addaba.

Sai dai sanƙarau ba nau'i ɗaya gare shi ba. A 2015 nau'in C ya faɗo mana, ya kama mutum kimanin 8,500 a Nijar, fiye da 500 suka rasu, Yamai da Dosso suka fi jin jiki. Masu bincike suka koma bakin aiki. Aka gwada sabuwar allura a Mali da Gambiya, OMS ta amince da ita a 2023. Ita ce Men5CV, mai kare nau'i biyar lokaci guda: A, C, W, X da Y. Najeriya ta fara amfani da ita a watan Maris na 2024, Nijar ta biyo baya a watan Mayu. Abin da bincike ke nufi ke nan: ciwo ya sake salo, a sake mai dabara.

Yanzu mu zo ga ciwon da ya fi kusa da ƙofarmu, wato taifot. Wanda ya taɓa jinya a likitar Galmi, nan kan hanyar Ƙonni, ya san abin da nake nufi. Likitocin tiyata na can, da na babbar likitar Damagaram, sun sha bayyana cewa hujewar hanji sanadin taifot na cikin abin da ke yawan sa a yi wa yara aikin gaggawa. Yadda abin ke tafiya sananne ne. Yaro ya sha ruwa ko ya ci abincin da ƙwayar ta gurɓata. Masassara ta kama shi sati ɗaya, sati biyu. A ce ta cizon sauro ce, a saya mai kafso biyu, zafin ya ɗan lafa, a aje. Ƙwayar kuwa tana can tana cin hanji. Cikin sati na uku ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, sai a ɗauko mota cikin dare. Wani a yi mai aiki sau biyu ko uku. Wani ya koma gida da jakar bahaya a gefen ciki na wasu watanni. Wani ba ya komawa. Gida kuma an sayar da bisashe, an taɓa rumbu.

Ga abin da ya kamata ya hana mu barci. Tun ƙarshen 2016, a garin Haidarabad na Pakistan, wani irin taifot ya ɓulla wanda ba ya jin tsofaffin magungunan nan uku, ba ya jin sipro, ba ya jin allurar seftiriyakson. Maganin sha ɗaya tal ya rage da ke cin sa, azitromisin. Da Pakistan ta ga haka, a watan Nuwamba na 2019 ta zama ƙasa ta farko da ta sa sabuwar allurar taifot cikin rigakafin yara. Sau ɗaya ake yin ta, ana iya yi wa jariri tun yana wata 6. A Malawi an gwada ta ga yara sama da 28,000, ta kare kusan 8 cikin 10, kuma bayan shekara huɗu ƙarfinta na nan. Laberiya da Zimbabuwe sun karɓe ta a 2021, Malawi a 2023, maƙwabciyarmu Burkina Faso a farkon 2025. Ɗan Bangi, ɗan Karofane da ɗan Ibohaman ba su fi ɗan Wagadugu arha ba. Haƙƙinmu ne mu nemi wagga allura ta isa ga kowane yaro a nan.

Wani zai ce, ashe kai maƙiyin magani ne? Ko kusa. Binciken AVENIR da aka yi a ƙauyukan jihohin Dosso da Tawa daga 2020 zuwa 2023 ya nuna cewa raba ruwan azitromisin ga yara ƴan wata 1 zuwa shekara 5, sau biyu a shekara, ya rage mutuwarsu da kashi 14 cikin 100. Ɗiyanmu ne aka ceto, ba abin raini ba ne. Amma binciken da ya riga shi a Dosso ya nuna cewa inda aka daɗe ana rabawa, ƙwayoyin da ba sa jin wannan magani sun ƙaru. Ku tuna kuma, shi ne dai maganin shan da ya rage wa mutanen Pakistan. Ke nan bashi ne muke ci. Yana fid da mu kunyar yau, amma in ba mu haɗa da allura da ruwa mai tsabta ba, ƙannen waɗanga yara ne za su biya.

Akwai kuma masu cewa ba su yarda a yi gwaji a kan ɗiyansu ba. Tsoronsu na da tushe. A 1996, cikin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani yadda ya kamata ba, shari'a ta ja har zuwa sulhun 2009. Darasin da ke ciki shi ne mu riƙa tambaya. In an zo da bincike garinku, ku ji ko ma'aikatar lahiya da kwamitin ƙasa mai kula da ƙa'idar bincike sun amince, a yi muku bayani da Hausa ko Tamajak, kuma ku san kuna da ikon cewa a'a. Su kuma masu binciken, in sun gama, kar sakamakon ya tsaya cikin mujallun Turai. Su dawo gaban maigari da gidan rediyo su faɗa mana abin da suka gano. Amma allurar da ake yi kullum a CSI ba gwaji ba ce. An daɗe da gama gwajinta, kuma miliyoyin yara sun karɓe ta.

Ku ɗauko katin yaronku ku duba. Allurar ran haihuwa ta tarin huka ce. Ta sati 6, sati 10 da sati 14, wadda ake kira Penta, ciwo biyar take karewa, huɗu daga ciki na bakteriya ne: mashaƙo, sarƙewar haƙora, tarin shiƙa, da wata ƙwaya mai kawo ciwon haƙarƙari da sanƙarau ga jarirai. Tun 2014 an ƙara ta nimoniya da ɗigon zawo. Ko dala ba a biya. Matsalarmu ita ce a yi ta farko, yaro ya ɗan yi zafin jiki kwana ɗaya, a ce ba a komawa. Allura ɗaya cikin uku kamar shingen dutse ne da aka bar wa kafa. Mutanen Keita, da suka yi shekaru suna jera duwatsu a kan tuddai tun 1984 don tare ruwa, sun san inda ƙorama ke bi in an bar mata ƙofa.

Maganar tawa ta fi shafar mu maza. Sau da yawa uwa na so ta tafi, izini ne ko kuɗin kabu-kabu ya hana. Kai da ke wurin bida, in ka kira gida a WhatsApp kana tambayar hatsi da bisashe, ka ce a ɗauki hoton katin jariri a turo maka. In masassara ta wuce kwana biyu, a tafi CSI a auna jini, kar a tsaya wurin mai faranti. In majo ya ce wanga ba ya buƙatar antibiyotik, kar mu ce bai iya aiki ba. In kuma ya rubuta, a sha yadda ya rubuta, kar a raba da maƙwabci. Ga magadan gari da shugabannin lahiya na gundumomin nan uku kuwa, roƙonmu shi ne firjin allura ya riƙa aiki, masu fita rigakafi su kai har ruga da tunga, kuma manyan likitocinmu su samu labo da zai iya gano wace ƙwaya ce da kuma maganin da ke cin ta, a daina harbi cikin duhu.

Ku faɗa mana a ƙasa: a garinku mi ke hana a cika allura ta biyu da ta uku? Nisa ne, rashin allurar ne, ko tsoro? Ku ambaci sunan garin, don masu abin su gani.

Allah shi ba marasa lahiya sauƙi, shi raya mana ɗiyanmu.