Sunan Glenn Miller ka gani, amma wa ya tsara kiɗan?

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da wani tsohon kiɗan busa na Amurka mai suna "In the Mood" ba. Ana yawan ɗora shi a bidiyon barkwanci da na hotunan da. Duba ƙasan bidiyon, sunan Glenn Miller za ka gani. To, ba shi ya tsara shi ba fa.

Miller ya ɗauki kiɗan a faifai a 1939, nan da nan ya karaɗe gidajen rediyon Amurka. Amma mai kiɗan a takarda shi ne Joe Garland, wani baƙar fata mai busa saksofon. Ƙungiyar Edgar Hayes ma ta riga Miller ɗaukar sa tun 1938, sai dai bai yi tashe ba. Shi kansa Garland ba daga sama ya tsinto shi ba: busar nan da ake ta maimaitawa, wadda da ita kowa ke gane kiɗan, tana cikin faifan Wingy Manone na 1930, "Tar Paper Stomp".

Ba ina cewa Miller ɓarawo ne ba. Sunan Garland yana jikin faifan, da ƙananan haruffa. Sai dai a wancan zamani shugaban ƙungiyar makaɗa shi ne fuskar kasuwa, kuma a Amurka mai wariyar launin fata ƙungiyoyin Turawa ne suka fi samun manyan otal-otal da shirye-shiryen rediyo masu talla. Wani ya yi noma, wani ya sha yabo.

Haka "Take the 'A' Train", taken ƙungiyar Duke Ellington tun 1941. Billy Strayhorn ne ya rubuta shi a 1939 yana ɗan shekara 23, sa'ar wasunmu ke nan. Sunan kiɗan ma daga kwatancen da Ellington ya yi masa ne na jirgin ƙasan da zai hau ya iso gidansa a unguwar Harlem ta birnin New York. Ellington bai ɓoye sunan yaron ba, mu masu sauraro ne dai muka riƙe babba muka manta ƙarami.

A ajinmu na aikin jarida, ka kawo labari ba majiya ka ga yadda malami zai watsa maka takardarka. Me ya sa in aka zo kan kiɗa muke sakaci? Kai da ke ɗora sauti a bidiyonka kullum, neman sunan marubucin ba zai ci maka data ta minti ɗaya ba. Spotify ma yana nuna shi. Ka saka shi a ƙasan bidiyon.

Wanda labarinsa ya fi tsaya min a rai shi ne Clarence "Pinetop" Smith. A Disamba 1928 ya ɗauki "Pinetop's Boogie Woogie" a Chicago, faifan da ya yaɗa sunan wannan salo na kaɗa piyano. A Maris 1929 harsashi ya same shi a wani gidan rawa, ya mutu yana ɗan shekara 24. Da Tommy Dorsey ya sake kiɗan da babbar ƙungiyarsa a 1938 ya yi kasuwa sosai, lokacin Smith ya shekara tara a kabari.