Mudun Alwala Da Haƙƙin Maƙwabci

A wannan mako muna so mu ja hankalin 'yan'uwa, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, ga wani babi na fiƙihu wanda mu ke karantawa a zaure, amma mu kan bar shi can idan mun shiga cikin gida. Wannan babi kuwa shi ne na israfi, watau almubazzaranci.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah ya kan yi alwala da mudu ɗaya na ruwa, ya yi wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun Annabi a ke nufi, watau cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, wanda bai kai lita ɗaya ba. Sa'i kuwa mudu huɗu ne, shi ne ma'aunin zakkar fid da kai. A cikin Risala, Shehu Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya lissafa taƙaita ruwa tare da kyautata wanki a cikin sunna, ya kuma sanya ɓarnatar da shi a sahun bidi'a. To, idan an yi wa ruwan ibada ma'auni, ina ga ruwan wanke mota?

Wani zai ce ai da kuɗinsa ya haƙa rijiyar burtsatse, ya kuma sayi injin jawo ruwa. Gaskiya ne, amma ruwan da ke ƙarƙashin gidansa bai san katanga ba. Shi ne dai wanda rijiyar maƙwabcinsa ke tsatsa. Duk tankin da aka bari ya cika yana kwarara a titi, an rage rabon wani ne, alhali kuwa shari'a ta hana cuta da cutarwa. Mutanen Kutawa da sauran ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi sun san damina wata huɗu ce ko kusa da haka, sauran shekara rani ne. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Madatsar ruwa ta Zobe, a kan kogin Karaduwa, an gama ta a 1983, amma sai a 2021 aka buɗe babban aikin ba da ruwan sha daga cikinta. Abin da aka jira shekara 38 bai kamata a zubar da shi a kwata ba.

Haka al'amarin ya ke ga itace. Ya zo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyadina Abubakar, da zai tura runduna zuwa Sham, ya hana su sare bishiya mai 'ya'ya. Wannan a fagen yaƙi ke nan. Mu kuwa cikin zaman lafiya mu ke kayar da ɗorawa da kanya da tsamiya domin buhun gawayi. Gawo ma ba ya tsira, ga shi kuwa shi ne ke zubar da ganyensa da damina, ya taki gona, ya bar wa shuka rana. Mu dubi 'yan'uwanmu na Maradi, nan arewa da Jibiya. Tun daga wajen 1984 manomansu suka daina tumɓuke kututture lokacin sassabe, suna zaɓen toho mai ƙarfi su rene shi. An ƙiyasta cewa ta haka aka samu bishiya wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wuƙa da haƙuri kaɗai suka yi wannan aiki.

Sai kuma leda. A da sharar gida taki ce: toka, da kashin awaki, da dusa, a ɗora wa jaki a mangala a kai gona. Yau juji ya cika da leda wadda ba ta ruɓewa. Ta toshe magudanar ruwa, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. Akuya ta haɗiye ta, ta rame, mahauci ya tarar da ita a cikin tumbi. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu ba sai mun jira doka ba, domin kawar da ƙazanta daga hanya yana cikin rassan imani.

Saboda haka muna ba da shawara. A yi alwala da buta maimakon sakin famfo, a kuma yi ta a gindin shuka, ruwa ɗaya ya yi aiki biyu. A gyara famfon da ke ɗiga, ko na gida ko na ofis, domin dukiyar gwamnati amana ce. A jiƙa wake kafin a ɗora shi, a rufe tukunya, a kare murhu daga iska, a kashe ragowar itace da zarar an sauke girki. A tafi kasuwa da kwando ko jaka, mai kanti kuma ya daina ninka leda a kan leda. A ware abin da ke ruɓewa a yi taki da shi. Maigida ya dasa darbejiya ko zogale ko mangwaro, domin hadisi ya tabbata cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi.

Ɗan kasuwar kirki ba ya tauye mudu, ba ya kuma barin ƙwayar gero ta faɗi banza. Wannan tsantseni mu ke roƙon a shigo da shi tsakar gida, domin za a tambaye mu a kan ni'ima ranar gobe ƙiyama. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga zama 'yan'uwan shaiɗanu, amin.