Golf a kudancin Afirka: wanda aka cire ranar Juma'a, wa zai biya masa kuɗin otel?

Idan aka ambaci golf a fada, abin da ke zuwa a ran matasa shi ne masu kuɗi sanye da fararen kaya suna yawo a kan ciyawar da ta fi gonar wani shan ruwa. Akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya bi kakar wasa guda ta Sunshine Tour, gasar ƙwararru ta kudancin Afirka, zai ga cewa yawancin waɗanda ke buga ta sun fi kama da ƴan cin rani fiye da attajirai.

Ga yadda abin yake. Ɗan golf ba shi da ƙungiyar da ke biyansa albashi kamar ɗan ƙwallon ƙafa. Da farko sai ya ci gwajin shiga ya samu kati. Daga nan kuɗin jirgi ko man mota, kuɗin otel, abinci, da ladan mai ɗaukar masa jakar sanduna, duk daga aljihunsa suke fita, ko yana wasa kusa da Johannesburg ko an tafi Zambiya, Zimbabuwe ko tsibirin Moris. Bayan kwana biyu, wato ramuka 36, sai a tankaɗe: kusan rabin ƴan wasan su tattara kayansu. A ƙa'idar wasan, wanda aka cire ba ya samun ko dala daga kuɗin gasa. Ya yi aiki, ya kashe kuɗi, ya koma gida da bashi. Idan hakan ta same shi sau huɗu a jere, ba sai an gaya maka da irin zuciyar da zai tsaya a gaban ƙwallo a mako na biyar ba.

Kakar kanta gida biyu ce. A watannin sanyi na can, wato lokacin da muke damina a nan, ana yin ƙananan gasa, da yawa na kwana uku, masu ɗan kuɗi kaɗan. Sai a watannin zafi na can manyan su zo, waɗanda ake shiryawa tare da gasar Turai ta DP World Tour: South African Open, da aka fara tun 1903, da Alfred Dunhill Championship, wadda ta yi suna a filin Leopard Creek da ke bakin gandun dajin Kruger. Nan ne kuɗin suke. Nan ne kuma ake raba guraben da baƙi daga Turai, don haka ɗan gida da ke can ƙasan jeri, wanda ya sha wahalar sanyi duka, yana iya kallon gasar a talabijin kamar ni da kai.

Masu kare tsarin suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce wannan matsin ne ke fitar da gwanaye, kuma sunayen suna nan: Ernie Els, Retief Goosen, Trevor Immelman da ya ci Masters a 2008, Louis Oosthuizen da ya ci Open ta Birtaniya a 2010, Charl Schwartzel da ya ci Masters a 2011. Ban musa ba. Sai dai a sake duba jerin. Dukkansu fararen fata ne, a ƙasar da baƙaƙe suka fi yawa nesa ba kusa ba. Tankaɗen ba ya auna gwaninta kaɗai, yana auna wanda ke da mai tallafa masa har ya jure wata uku babu shiga. Papwa Sewgolum, wanda ya fara da ɗaukar jakar wasu, ya ci Natal Open a 1963 da 1965, kuma hotonsa yana karɓar kofi a waje cikin ruwan sama, saboda dokar wariya ta hana shi shiga zauren kulob, ya zagaya duniya. Vincent Tshabalala, shi ma tsohon mai ɗaukar jaka, ya ci French Open a 1976. Dokar da ta tare su ta faɗi. Kuɗin otel bai faɗi ba.

Abin da ya sa nake ganin gyara ba mafarki ba ne: manyan gasa sun riga sun amince da matsalar. PGA Tour ta Amurka ta sa wa masu cikakken kati mafi ƙarancin dala 500,000 a kaka, DP World Tour kuma ta sa dala 150,000 daga 2023 ga wanda ya buga gasa 15. Ba wanda ke cewa Sunshine Tour na da irin wannan aljihu. Amma idan kamfani ya zo da ƙarin tallafi, ni dai gara a zuba shi ga kuɗin hanya da masaukin duk wanda ya riƙe kati, maimakon a ƙara wa na ɗaya, wanda galibi yana da tikitin Turai a hannu kafin kaka ta gaba.