NA ZAUNE BAI GA GARI BA: DUBI GA AMURKA DA INGILA, DA KUMA GARE MU

An daɗe a na yi wa mutanen Amurka gori, cewa ba su san kome ba sai ƙasarsu. Mutanen Ingila su ne kan gaba wajen wannan gori, gama su a ganinsu sun zaga duniya, sun san ta ciki da bai. Mai karatu na Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya na iya cewa, ina ruwanmu da gardamar Turawa? To, jama'a, da ruwanmu, domin abin da a ke zargin Amurkawa da shi ya na neman ya same mu, ba da son ranmu ba.

ABIN DA LISSAFI YA NUNA

Ma'aikatar Harkokin Waje ta Amurka ta ce a 1990 mutum biyar ne kaɗai cikin ɗari na Amurkawa ke da fasfo. A ƙarshen 1989 ke nan kusan duk ƙasar ba ta da takardar fita. Zuwa 2023 adadin ya kai 48 cikin ɗari. A Ingila da Wales kuwa, ƙidayar 2021 ta nuna fiye da 86 cikin ɗari su na da fasfo. A 2019 mazauna Birtaniya sun fita waje sau miliyan 93, alhali su duka ba su kai miliyan 70 ba. Ashe gorin ya na da tushe. Sai dai mai hankali ba ya tsaya ga lissafi, ya kan nemi dalili.

Dalili na farko shi ne faɗin ƙasa. Amurka ta yi Nijeriya goma, Birtaniya kuwa ba ta wuce rubu'in Nijeriya da yawa ba. Daga Doba ta Ingila zuwa gaɓar Faransa mil 21 ne, kuma tun 1994 jirgin ƙasa ke bi ta ƙarƙashin teku. Daga Niyok zuwa Los Anjalis kuwa ya fi mil 2,400, duk cikin ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, kuɗi ɗaya. Ba'amurke mai son ganin hamada ko ƙanƙara ko bakin teku ya na samunsu a gida. Bature na Ingila mai son ganin rana tilas ya ƙetare ruwa.

Na biyu shi ne hutu. Dokar Birtaniya ta ba cikakken ma'aikaci kwana 28 a shekara, ya huta a biya shi. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta da doka irin wannan ko ta kwana ɗaya, abin ya na hannun maigidan aiki. Wanda a ka ba mako biyu a shekara ya fi son ya je ya gaida iyayensa da ya je Masar.

Na uku shi ne doka. Dā Ba'amurke ya kan shiga Kanada ko Meksiko ba da fasfo ba. An sake wannan a 2007 ga masu shiga jirgin sama, a 2009 ga masu bin ƙasa da ruwa. Saboda haka wani kaso na ƙaruwar fasfo a Amurka doka ce ta kawo shi.

Na huɗu shi ne tarihi. Ingila ta mallaki ƙasashe tun daga Indiya har Sakkwato, gidaje da yawa su na da wanda ya yi soja ko ciniki ko aikin mulki a ƙetare. Fita waje ta zama musu gado.

TAFIYA DABAN, SANI DABAN

Duk da haka kada mu ɗauka yawan shiga jirgi shi ne sanin duniya. Ƙasar da mutanen Ingila su ka fi zuwa ita ce Sifen, kuma da yawa cikinsu su kan sauka a masaukin 'yan'uwansu, su ci abincin gida, su koma ba su koyi ko gaisuwa ba. Mutanen Birtaniya ne dai su ka jefa ƙuri'a a 2016, kashi 52 cikin ɗari su ka zaɓi fita daga Tarayyar Turai. Dattawanmu kuma sun san Turawan mulki iri biyu ne. Akwai wanda ya shekara ashirin a bariki, daga ofis sai kulob, bai san gari ba sai ta bakin masinja. Akwai kuma irin su Bargery, wanda ya bi ƙasar Hausa ya na tattara kalmomi har ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934.

Haka su ma Amurkawa. A 1961, sa'ad da Shugaba Kennedy ya kafa ƙungiyar samari masu aikin taimako a ƙasashen waje, wata budurwa daga cikinsu ta iso Ibadan, ta rubuta kati zuwa gida ta na kushe zaman mutane. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, a ka yi babbar hayaniya, ta koma ƙasarsu. Amma cikin samarin wannan zamani ne a ka sami Paul Newman, wanda ya koyar a Maiduguri, daga baya ya rubuta babban littafin nahawun Hausa da ya fito a 2000. Jirgi ɗaya ya kan kawo mai ido da makaho.

Mutanen Anka da Bukkuyum su na da tasu shaidar. A 2010 gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da wasunsu, saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara fiye da 400 su ka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF su ka fara kai ɗauki, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta aiko masu bincike. Masu gyaran ƙasa kuma, watau kamfanin TerraGraphics, daga jihar Aidaho su ka zo, jihar duwatsu da manoman dankali, irin wadda a kan ce mutanenta ba su san duniya ba. Me ya kawo su? Su ma a can garin Kellogg hayaƙin masana'antar dalma ya cuci 'ya'yansu a shekarun 1970, sun kuma yi shekaru su na koyon yadda a ke kankare ƙasa mai guba a binne ta, a zuba sabuwa. Wannan sani ne a ka yi aiki da shi a ƙauyukanmu, har a ka kai ga Bagega a 2013.

Darasin da ke nan ya na da ɗaci. Cutar dalma sananniya ce a duniya tun kafin a haifi iyayen yaran nan. Sanin ya na nan, bai dai iso Dareta ba sai bayan an cika maƙabarta.

GUMMI TA FATAKE

Abin mamaki shi ne, ƙasar nan ba ta zaman ɗaka ba ce tun asali. Gummi zango ce babba a kan hanyar Gwanja. A nan Kambarin Barebari su ka kafu, fatake waɗanda asalinsu Barno ne, su ka shahara wajen fataucin goro a ƙarni na 19 tare da Agalawa da Tokarawa. Malam Paul Lovejoy ya bi tarihinsu a littafinsa na ayarin goro da a ka buga a Zariya a 1980. Ayari ya kan tashi da madugu da jagaba da uban dawaki, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu da ƙasar Dagomba har Salaga. Zuwa da komowa ya kan ci watanni masu yawa. Ba fasfo, ba jirgi, amma madugu ya san harshen kowane zango, ya san sarkin da za a gaisar da wanda za a kauce wa. Zangunan Hausawa na Kumasi da Akra 'ya'yan wannan tafiya ne.

Bayan fatauci sai cirani. Da an gama kaka samarin Lardin Sakkwato su kan nufi kudu, gonakin koko da manyan birane, su komo da damina ɗauke da keke ko kayan aure, da labarin abin da su ka gani. Ga kuma alhazan ƙafa, waɗanda su kan yi shekaru a hanyar Sudan, har wasu su ka zauna can, kamar jama'ar Mai Wurno a bakin Kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. In da za a auna sanin duniya da yawan harsunan da mutum ya ke ji, da kakanninmu sun fi matafiyan Sifen nesa ba kusa ba.

ƘOFOFIN DA SU KA RUFE

Yau fa? 'Yan bindiga sun tsare hanyoyi, mai zuwa Gusau daga Anka sai ya yi sallama da iyali kamar mai tafiya yaƙi. A watan Satumba na 1921 babu wanda zai yarda, amma a Satumba na 2021 an katse wayar tarho a Zamfara, an tsai da kasuwannin mako, domin a toshe wa ɓarayi hanya. A Janairu na 2022 an auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Hukuma ta ce mutum 58 su ka mutu, mazauna wurin su ka ce sun kai 200. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 an rufe iyaka har watan Maris na 2024, sa'an nan a Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso su ka fita daga ƙungiyar ECOWAS, wadda tun 1979 ta amince wa talakawanta su yi zirga-zirga ba da biza ba.

Ƙofar nesa ita ma ta ƙuntata. A Satumba na 2025 kuɗin ƙaramin fasfo a Nijeriya ya koma naira 100,000, alhali mafi ƙanƙantar albashi da a ka tsayar a 2024 naira 70,000 ne. A Yuli na 2025 Amurka ta rage yawancin bizar baƙunci da ta ke ba 'yan Nijeriya zuwa wata uku, shiga ɗaya. Gwamnatocin Amurka da Birtaniya duka sun gargaɗi mutanensu kada su zo Zamfara. Watau mu ba mu fita ba, baƙo bai shigo ba.

Ga bambancinmu da Amurka. Ba'amurke in ya zauna gida ya na da jami'o'i da ɗakunan karatu, duniya kuma ita ke zuwa ta same shi. Ko da haka rashin saninsa ya na da hatsari, gama ƙasarsa mai ƙarfi ce, shawarar da a ka yanke a Washintan ta kan faɗo kan mutanen da masu yanke ta ba su taɓa jin sunan garinsu ba. Mu kuwa in mun zauna, yaro zai tashi bai san kome ba sai sansanin gudun hijira da ramin zinariya. Wanda bai ga wani gari ba ya kan ɗauka yadda a ke zaune a nasu haka duniya ta ke, ba ya neman gyara, kuma kowane mai yaudara ya na iya jansa.

ABIN YI

Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Kafin mu taya Ingila yi wa Amurka dariya, mu dubi namu. Abu na farko a wuyan hukuma ya ke: a tsare hanyar Gusau zuwa Anka da ta Gummi, a tsare kasuwannin mako, domin kasuwa ita ce makarantar talaka ta farko. Na biyu, malaman makaranta su mai da hankali ga labarin ƙasa da tarihi, su koya wa yaran Gummi hanyar Gwanja a kan taswira, su san daga inda su ka fito. Na uku, iyaye su daina neman a sake wa 'ya'yansu wurin bautar ƙasa don kawai ya yi nisa, gama an kafa tsarin a 1973 ne domin ɗan Arewa ya ga Kudu, ɗan Kudu ya ga Arewa. Na huɗu, wanda ya fita ya komo, ko alhaji ko ɗalibi ko ɗan cirani, ya zauna a zaure ya faɗi abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi, kamar yadda madugai su ka saba.

Allah ya buɗe mana hanyoyi, ya ba mu zaman lafiya, amin.